YAYE JIKI DAGA MAGANIN CIWO BAYAN RAUNIN JIJIYA: HUKUNCINSA DA HANYARSA

(Matanin laccar da aka gabatar a zaman wa'azi na wata-wata, wadda 'yan'uwa suka nemi a buga ta domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.)

Muna farawa da sunan Allah Maɗaukakin Sarki. Dukkan yabo da godiya sun tabbata gare shi, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta, ya jarrabi bayinsa da lafiya kamar yadda ya jarrabe su da rashinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



DALILIN WANNAN LACCA

Mun sha yin wa'azi a kan mumbari game da shaye-shaye, kuma za mu ci gaba da yi in Allah ya yarda, domin musiba ce da ta shiga gidaje. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a watan Janairun 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe ciwo irin su tiramadol suka sha ba bisa ƙa'ida ba. Tun kafin nan, a watan Mayun 2018, gwamnati ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda irin ɓarnar da ya yi a tsakanin matasa da matan aure.

To amma akwai wani rukuni na mutane da wa'azinmu kan wuce ta kansu, wani lokacin ma ya same su a inda ba a nufa ba. Su ne waɗanda ba majalisar banza ce ta kai su ga ƙwaya ba, gadon asibiti ne. Ɗan acaɓan da ya faɗi kafaɗarsa ta bugu hannunsa ya saki, da magidancin da harsashin 'yan bindiga ya ratsa cinyarsa, da uwar da ciwon sukari ya sa tafin ƙafarta ke ƙuna dare da rana. Likita ya rubuta musu magani, sun sha bisa umarni, wata ya bi wata, yau kuma sun wayi gari jikinsu ba ya yarda su bari. Irin wannan bawan Allah idan ya ji malami ya ce tiramadol haramun ne, sai tsoron Allah ya kama shi, ya koma gida ya zubar da maganin a masai a dare ɗaya. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma abin da zai biyo baya yana iya kai shi asibiti, yana iya mayar da shi ga ƙwayar fiye da dā, yana ma iya kai shi kabari. Domin waɗannan 'yan'uwa da iyalansu muka shirya wannan zama.

MENE NE CIWON JIJIYA?

Kalmar jijiya a Hausa tana da faɗi, domin akwai jijiyar jini, akwai agara. Wadda muke nufi a nan ita ce farar jijiyar da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka ta bazu a ko'ina cikin jiki, tana kai umarnin motsi, tana kuma dawo da labarin zafi da sanyi da taɓawa. Idan ƙaya ta soki mutum, jijiya ce ke kai rahoto, rahoton kuma gaskiya ne. Amma idan ita jijiyar da kanta ce ta yi rauni, sai ta riƙa aika rahoton ciwo alhali babu abin da ke taɓa wurin. Shi ya sa mai wannan lalura yakan ce yana jin kamar an ɗora masa garwashi, ko ana tsira masa allurai, ko wutar lantarki na fizgarsa, ko kiyashi na yawo a ƙarƙashin fatarsa. Wani ko rigarsa ce ta goge wurin sai ya yi ihu. Idan aka duba fatar kuma sai a gan ta lafiya ƙalau, ba kumburi ba miki.

Daga nan fitina biyu ke tasowa. Ta farko, dangi su ce raki ne ko lalaci. Ta biyu, a ce jifa ne ko sammu ko taɓin aljanu, a fara zargin kishiya ko abokin kasuwa. Alhali sababinsa sananne ne: haɗarin mota ko babur, karaya, harbi ko sara, gocewar ƙashin baya, ciwon sukari, ko allurar da wanda bai ƙware ba ya yi a ɗuwawu ta sami babbar jijiyar ƙafa, abin da ya nakasa yara da dama a ƙasar nan.

Jijiya tana warkewa da izinin Allah, amma a hankali ƙwarai. Masana sun auna cewa tana tofowa da kimanin milimita ɗaya a rana, wato kamar inci ɗaya a wata. Wanda ya ji rauni a kafaɗa, kafin tofon ya kai yatsunsa an haura shekara. Wata kuma idan ta tsinke sai an yi tiyata, kuma tiyatar ta fi amfani a watannin farko. Saboda haka mai irin wannan rauni kada ya tsaya ga mai ɗori kawai, ya nemi asibitin ƙwararru kamar asibitin ƙashi na Dala da ke Kano ko asibitocin koyarwa.

YADDA JIKI KE SABAWA DA MAGANI

Farasitamol da ibufurofen da dikulofenak ba su cika yin tasiri ga ciwon jijiya ba, yawan shan na biyun da na ukun kuma yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Abin da likitoci kan fara da shi shi ne amitiriftilin, ko dulokzetin, ko gabafentin, ko firegabalin. Akwai kuma dangin ofiyom, wato tiramadol wanda aka fi sani da Tramol, da kodin, da mofin, da allurar fentazosin da ake kira fenta. Waɗannan suna da amfani a kwanakin farko na rauni ko bayan tiyata, amma ba a yi su domin a shekara ana sha saboda ciwon jijiya ba.

Hikimar halitta ita ce jiki yana neman daidaito. Idan aka daɗe ana danne shi da magani, sai ya ƙara ƙarfin nasa ɓangaren domin ya rama. Sakamakon haka abu uku ne. Na ɗaya, ƙwayar da ke wadatarwa jiya ba ta wadatarwa yau, sai an ƙara. Na biyu, idan aka janye maganin farat ɗaya, ƙarfin nan da jiki ya tara sai ya ɓalle ba mai tare shi, kamar mutum biyu da ke tura ƙofa ɗaya, ɗayan ya kauce ba zato. Wannan shi muke kira ciwon yaye. Na uku, a wasu mutane dangin ofiyom da kansu sukan ƙara wa jiki jin ciwo bayan dogon lokaci, har mai sha ya zaci rauninsa ne ke ƙaruwa alhali maganin ne.

A nan wajibi ne mu bambanta abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai sabon jiki, akwai jarabar zuciya. Sabon jiki yana samun kowa, malami ko jahili, salihi ko fasiƙi, muddin ya sha irin wannan magani kullum na tsawon makonni. Ba zunubi ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Jaraba kuwa alamominta daban ne: mutum ya riƙa sha domin jin daɗi ko gusar da damuwa, ya wuce abin da aka rubuta masa, ya bi kemis-kemis a ɓoye, ya yi ƙarya, ya sayar da kayansa, ya ga cutar da abin ke yi masa amma ya kasa tsayawa. Na farko yana iya kai mutum ga na biyu, shi ya sa muke faɗakarwa. Iyakar tiramadol da likitoci suka yarda babba ya sha a yini ita ce miligiram 400, kuma ƙwayar asibiti galibi 50 ce ko 100. Waɗanda ake fasa-ƙwaurinsu masu 200 da 225 da 250 ba na jinya ba ne, kuma yawansu na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya da tsayawar numfashi.

Ba mu kaɗai wannan musiba ta sama ba. A Amurka, tun daga shekarar 1996 da aka fara tallata maganin OxyContin ana raina haɗarinsa, likitoci suka yi ta rubuta dangin ofiyom, har a shekarar 2021 mutanen da ƙwayoyi suka kashe a ƙasar suka haura dubu 100. Da aka farga kuma sai wasu likitocin suka koma ɗaya gefen, suna yanke wa majinyata magani kwatsam, har hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta fitar da gargaɗi a watan Afrilun 2019 cewa yin haka ya jawo wa mutane azabar yaye da ciwo marar misali, wasu har sun kashe kansu. Sakaci ya yi kisa, gaggawa ma ta yi kisa.

HUKUNCIN SHARI'A

Neman magani Sunna ce. Ya tabbata daga Usamatu bin Sharik (R.A), a ruwayar Abu Dawuda da Tirmizi, cewa mutanen ƙauye sun tambayi Manzon Allah (S.A.W) ko su yi magani, ya umarce su da su yi. Haka kuma haramcin duk abin da ke sa maye tabbatacce ne a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, da hadisin Ibnu Umar (R.A) da Muslim ya ruwaito, wanda ya shigar da kowane mai sa maye cikin hukuncin giya. To ina matsayin maganin da ke kashe ciwo idan an sha kaɗan, yake kuma bugarwa idan an sha da yawa?

Malamai ba su bar wannan mas'ala ba. Imam Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, a littafinsa Al-Furuƙ ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: mai sa maye tare da nishaɗi kamar giya, da mai rikita hankali ba tare da nishaɗi ba, da mai sa barci da gusar da ji. Ya bayyana cewa giya kaɗan ɗinta da mai yawanta duk haramun ne, amma sauran biyun gwargwadon da bai taɓa hankali ba bai haramta ba. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya tsananta a kan tabar wiwi, ya riskar da ita ga giya. Duk da haka babu saɓani cewa shan kowane ɗayansu domin a bugu haramun ne, kuma malaman fiƙihu sun halatta gusar da jin majinyaci idan za a yanke masa gaɓa. Madogararsu ita ce ƙa'idar larura da ke aya ta 173 ta Suratul Baƙara, tare da sharaɗin da suka ɗora mata, cewa larura ana auna ta ne da gwargwadonta.

Saboda haka muna cewa: wanda amintaccen likita ya rubuta wa magani saboda ciwo na haƙiƙa, ya sha adadin da aka ce, na tsawon lokacin da aka ce, babu laifi a kansa. Idan larurar ta kau, ko ya bayyana cewa cutarwar maganin ta rinjayi amfaninsa, wajibi ne ya nemi hanyar bari. Wanda kuma ya zarce ya faɗa jaraba, tuba ta wajaba a kansa nan take.

Wani zai ce, tunda tuba ba a jinkirta ta, ashe ke nan dole a zubar da maganin yau. Amsa ita ce, tuba ta yau ce, amma aikin da ke tabbatar da ita shi ne ya yi nadama, ya yanke hulɗa da dillalai da abokan sha, ya tashi ya je wurin likita ya faɗi gaskiya, ya bi tsarin da aka ɗora shi a kai. Abin da yake sha a cikin wannan tsari jinya ce, ba maye ba. Allah (S.W.T) ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara, ya hana mu kashe kanmu a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, kuma ƙa'idar malamai ce cewa ba a kawar da cuta da cutar da ta fi ta. Mun sani giya mataki-mataki aka haramta ta, kuma Nana A'isha (R.A) ta bayyana hikimar hakan a hadisin da ke cikin Bukhari. Ba muna kafa hujja da wannan ba ne a kan cewa mashayi ya ci gaba da sha kaɗan-kaɗan, domin Shari'a ta riga ta cika. Darasin da muke ɗauka shi ne, Mahaliccin ɗan Adam ya san ƙarfin sabo a kansa.

ALAMOMIN CIWON YAYE

Wanda ya san abin da ke tafe ya fi wanda aka yi wa ba-zata juriya. Ga mai shan tiramadol ko kodin, alamomi kan fara tsakanin awa 8 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Da farko hamma ba ƙaƙƙautawa, da yoyon hanci, da hawaye, da gumi, da tashin tsikar jiki. Sai ciwon gaɓoɓi da na ƙashi, da murɗawar ciki, da amai da gudawa, da bugun zuciya. Ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace, zuciya ta yi ƙunci, mutum ya riƙa faɗa da kowa. Abin ya fi tsanani a rana ta biyu da ta uku, galibinsa kuma yakan lafa cikin kwana 4 zuwa 10. Bayan nan rashin barci da kasala da baƙin ciki suna iya ɗaukar makonni, wani lokaci watanni.

Tiramadol yana da ƙari a kan 'yan'uwansa, domin yana taɓa sinadaran da ke daidaita yanayin zuciya. Wasu idan suka yanke shi sukan ji firgici mai tsanani, da ruɗewa, da fizga kamar ta lantarki a cikin kai, wasu har su ga ko su ji abin da babu shi. Iyali da ba su sani ba sai su ce aljanu ne suka tashi. Firegabalin da gabafentin da maganin barci irin su dayazefam kuwa, yanke su kwatsam yana iya jawo jijjiga. Mace mai ciki kada ta kuskura ta yanke da kanta, domin yana iya cutar da abin da ke cikinta.

Akwai wani abu mai ruɗi da ya kamata a riƙe. A lokacin yaye ciwon jijiyar yakan ƙaru na ɗan lokaci, sai Shaiɗan ya raya wa mutum cewa ba zai taɓa rayuwa ba tare da ƙwayar ba. Sau da yawa wannan ƙarin daga yayen yake, kuma yakan sauka idan jiki ya daidaita.

Mafi haɗari duka shi ne komawa. Bayan kwanaki kaɗan da bari, jiki ya rasa juriyar da ya tara. Idan azaba ta ci ƙarfin mutum ya koma ya sha adadin da ya saba a dā, wannan adadin yanzu yana iya tsayar da numfashinsa. Da yawa daga waɗanda ƙwaya ta kashe, a wannan gaɓar ta kashe su.

HANYAR RAGEWA

Bahaushe ya ce sannu ba ta hana zuwa. Uwa ma da za ta yaye ɗanta takan fara sabar masa da kunu tukuna. Ga matakan da muke kira a bi:

Na farko, a koma wurin likita a faɗa masa gaskiya tsantsa: sunan kowane magani, adadin da ake sha a zahiri, tun yaushe, da wanda aka sayo a kemis ba da takarda ba. Wanda ya ɓoye wa likita rabin abin da yake sha, tsarin da za a yi masa zai zo a karkace. Faɗa wa likita ba tona asirin kai ba ne, neman magani ne.

Na biyu, a rage kaɗan-kaɗan bisa jadawali rubutacce. Ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a shekarar 2022 ta nuna cewa wanda ya shekara ko fiye yana shan dangin ofiyom, ragin kashi 10 cikin 100 a wata, ko ƙasa da haka, shi ya fi sauƙin jurewa. Wanda bai daɗe ba ana iya rage masa kashi 10 a mako. Ke nan wanda ya daɗe yana iya ɗaukar wata goma ko fiye, kuma wannan ba gazawa ba ce. Likita ne zai tsara wa kowa nasa gwargwadon halinsa.

Na uku, idan magungunan sun fi ɗaya, ba a sauke su tare. Ɗaya bayan ɗaya ake bi.

Na huɗu, idan wani mataki ya yi tsanani, a sanar da likita a dakata a kansa har jiki ya zauna, sannan a ci gaba. Dakatawa ta fi komawa baya. Matakan ƙarshe su suka fi wuya, don haka nan ne ake ƙara sassautawa.

Na biyar, a danƙa maganin a hannun amintacce, mata ko miji ko ɗa ko ɗan'uwa, yana bayarwa a kan lokaci, a kuma ɓoye shi daga yara.

Na shida, kada a musanya wata jaraba da wata. Maganin tari mai kodin, da maganin barci, da wiwi, da haɗe-haɗen da 'yan talla ke sayarwa a tasha ba mafita ba ne. Haɗa tiramadol da firegabalin ko maganin barci ba da sanin likita ba yana danne numfashi.

Wanda abin ya kai shi ga jaraba, akwai sassan da ke kula da wannan a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Zuwa can ba shi ne hauka ba.

JURE KWANAKIN WUYA

Ko da an bi tsari, za a ɗanɗana wani abu. Mai gudawa da amai ya yawaita shan ruwa da ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya ci abinci marar nauyi kamar kunu da fate, kaɗan-kaɗan. Ya rage gahawa da goro da shayi mai kauri, musamman da yamma. Ya yi tattaki kullum gwargwadon iko, ya lazimci sashen gashi na asibiti domin gaɓar da ta yi rauni kada ta sandare. Wanka da ruwan ɗumi yana rage ciwon jiki, amma a kula: gaɓar da jijiyarta ta mutu ba ta jin zafi, tana iya ƙonewa da ruwan zafi ko kaskon wuta mai ita bai sani ba. Saboda haka ma muke hana tsaga da sakiya a irin wannan wuri. Likita yana da magungunan da ke rage gudawa da gumi da rashin barci, a tambaye shi. Mai jin jiri ko gyangyaɗi kada ya hau babur ko ya tuƙa mota, domin rayukan mutane amana ce.

A garzaya asibiti ba tare da jira ba idan aka ga jijjiga, ko ruɗewa, ko aman da ya hana ruwa zama, ko barci mai nauyi da numfashi sama-sama, ko majinyaci ya fara maganar ya gaji da rayuwa. Wannan magana ta ƙarshe kada a amsa ta da tsawa. A zauna da shi, a kawar da magunguna da makami daga kusa da shi, a kai shi ga likita a ranar.

IBADAR MAJINYACI

Addini bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Imrana bin Husaini (R.A) ya yi fama da basir, Manzon Allah (S.A.W) ya ba shi damar yin salla a zaune idan ya kasa tsayuwa, ko a kishingiɗe idan ya kasa zama, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Salla ba ta faɗuwa, amma siffarta tana sauƙaƙa. Salloli biyar kuma suna raba wa mai yaye yininsa gida-gida, ya zamana abin da ke gabansa shi ne ya kai Azahar, daga nan ya kai La'asar.

Game da azumi, Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara ya sha ya rama. Kada wani ya ce zai mayar da ranar farko ta Ramadan ranar yanke magani ba tare da shawarar likita ba, kada kuma ya haɗa na safe da na rana ya shanye a sahur.

Ruƙya ta Shari'a da addu'a makami ne babba. Usmanu bin Abil As (R.A) ya kai kukan wani ciwo a jikinsa, Manzon Allah (S.A.W) ya koya masa ya ɗora hannu a wurin, ya ambaci sunan Allah sau uku, ya nemi tsarin Allah sau bakwai, hadisin yana cikin Muslim. Annabi Ayuba (A.S) ya kai kukansa ga Ubangijinsa, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya'i, kuma hakan bai fitar da shi daga sahun masu haƙuri ba. Haƙuri ba shi ne ƙin magani ba. Haƙuri shi ne riƙe harshe daga fushi da ƙaddara, da dagewa a kan hanyar da ta dace ko da ta yi tsawo. Amma zuwa wurin boka da ɗan tsibbu da 'yan bori, da ɗaura laya da guru, da yanka domin aljani, wannan asarar dukiya ce da ɓata tauhidi, ciwon kuma yana nan inda yake. Ciwon jijiya ya fi sauƙi a kan shirka.

HAƘƘIN DA KE KAN IYALI DA JAMA'A

Ya 'yan'uwa, kunya da gori su ne ke sa mutane ɓoyewa har abin ya gagara. A zamanin Manzon Allah (S.A.W) akwai mutumin da aka sha kawowa ana yi masa haddi saboda giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi (S.A.W) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Bukhari ya ruwaito wannan daga Umar (R.A). Idan wannan shi ne matsayin wanda ya sha giya da ganganci, ina ga wanda haɗari ya kayar, magani ya kama shi?

Kada a kira shi ɗan ƙwaya. Kada matarsa ta kai labarinsa gidan biki. Faɗan da yake yi a kwanakin yaye a yi masa uzuri. Kada kuma a ɗaure shi. A shekarar 2019 'yan sanda sun buɗe wasu gidajen mari a jihohin Kaduna da Katsina, suka fitar da ɗaruruwan mutane, da yawansu da sasari a ƙafa da tabon duka a baya. Mari da bulala ba sa gyara jijiya, ba kuma koyarwar Sunna ba ce.

Muna kira ga masu kemis da su ji tsoron Allah, su daina sayar da waɗannan magunguna ba da takardar likita ba, domin ribar da aka samu ta hanyar halaka Musulmi ba ta da albarka. Muna kira ga likitoci da ma'aikatan jinya daga cikinmu, duk wanda za su ɗora a kan irin wannan magani su gaya masa tun ranar farko yadda za a sauke shi. Muna kira ga 'yan agaji da kwamitocin masallatai su binciki irin waɗannan majinyata a unguwanninsu, su ziyarce su, a taimaka musu da kuɗin mota da na asibiti daga zakka da sadaka, domin da yawansu rauni ya raba su da sana'arsu. Mu kuma masu wa'azi, duk lokacin da muka ambaci haramcin ƙwaya, mu ƙara da cewa wanda likita ya ɗora a kai kada ya yanke sai ya koma wurin likita.

KAMMALAWA

Ɗan'uwa mai wannan lalura, ka sani cewa sabon jikinka da magani ba shi ne ma'aunin imaninka ba. Kada ka ƙara, kada ka ɓoye, kada ka yanke a dare ɗaya. Ka ƙulla niyya yau, ka je wurin likita a wannan mako, ka sami wanda zai riƙa maka. Ciwon yana iya raguwa, yana kuma iya barin saura, amma mutane da yawa sun sauka daga waɗannan magunguna sun koma kasuwanninsu da gonakinsu da sahun salla, hankalinsu garau.

Muna roƙon Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sanya abin da suka sha na wahala ya zama kankarar zunubi, ya shiryi matasanmu, ya tsare mana imaninmu da hankulanmu, ya jiƙan magabatanmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa.